Mis Vella Mai Haƙoran Zinare

Shekara goma sha shida Marvella Dufrene ta yi a ɗakin baya na asibitin haƙoran Dakta Lemoine a New Orleans. Ita ce mai haɗa haƙoran roba da na tangaran. Likita zai ɗauki awon bakin mutum a kawo mata a faranti, ita kuma ta zauna da kaki da wuta da ƙananan magagarai, har ta fitar da haƙorin da ko mai shi sai ya laluba da harshe kafin ya tuna ba nasa ba ne. A gaba ake yabon hannun likita, ita kuwa ta jikin bango take jin yabon.

Wannan bai dame ta ba sosai. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne dokar baki. Tun tana 'yar shekara sha tara ta sa haƙoran zinare biyu a sama, ɗaya sumul, ɗaya da 'yar taga mai siffar tauraro, kamar yadda rabin 'yan matan unguwarsu suke yi in sun karɓi albashin farko. Ranar da likitan ya ɗauke ta aiki, ya dubi hannunta ya ji daɗi, ya dubi bakinta ya ɓata rai.

"Mis Dufrene, in za ki ratsa ɗakin jira ki riƙa rufe baki. Masu zuwa nan mutanen kirki ne."

Ta ce to, domin yayarta Claudette ce ta samo mata aikin, kuma likitan yana cikin dattawan cocin da Claudette take zuwa. Baƙar fata ne kamarta, amma na wancan ɓangaren gari, inda uba likita ne kaka ma likita, inda ake magana ƙasa-ƙasa kamar kullum akwai mara lafiya a gidan.

Ranar da abin ya zo ƙarshe wata Laraba ce a shekarar 1996. Likita ya fita cin abincin rana, sai ga wata tsohuwa ta shigo tana hawaye. Haƙoran robar da aka yi mata sun ci mata dasashi, kwana uku ba ta tauna komai ba. Marvella ta leƙo, ta kasa haƙuri. Ta karɓi haƙoran, ta goge inda yake cizo, ta mayar mata. Tsohuwa ta motsa baki, sai ta ce, "'Yar nan, yau naman haƙarƙari zai gane kurensa." Marvella ta kwashe da dariya, baki a buɗe, zinare a fili. A daidai nan likita ya turo ƙofa.

Sai da tsohuwa ta tafi, sannan ya bi Marvella ɗakin baya.

"Na ɗauka mun gama magana a kan wannan tuntuni."

"A kan na taimaki tsohuwa?"

"A kan bakinki. Nan ba mashaya ba ce."

Marvella ta daɗe tana zaton ranar da za ta fusata sai an ji ta a bakin kogi. Sai ga shi ko murya ba ta ɗaga ba. Ta cire farar rigar aiki, ta ninke, ta ajiye a kan kujera. Ta kwashe magagaranta, domin ita ta saye su. Ba ta bi ƙofar baya ba. Ta ratsa ɗakin jira, mutum biyar suna zaune, ta tsaya gaban kowa ta gaishe shi da murmushi har kunne, sannan ta fita titi.

"Kin haukace, Vella," in ji Claudette da ta ji labari. "Ina za ki sake samun aiki mai inshora?"

"Zan yi abin da na iya, Yaya. Wannan karon da zinare."

A ɗakin girkinta ta fara, tukunyar wake a murhu ɗaya, kaskon narka zinare a ɗayan. A lokacin samari sun fara son haƙoran zinaren da ake sawa a cire, shida a sama, shida a ƙasa, mutum ya sa ranar Asabar, ya zare ranar Litinin in mai gidansa mai tsegumi ne. Masu shagunan tsakiyar gari suna yi, amma nasu yana rawa a baki, mai shi yana magana yana feshin yawu. Na Marvella kuwa yana shiga ya ce ƙas, ya zauna kamar da shi aka haifi mutum. Kafin shekara ta zagayo ta kama ɗan shago tsakanin mai aski da mai sayar da ƙanƙara mai zaƙi. Da yake samari ƙanƙara suke ce wa lu'ulu'u, sai aka riƙa cewa masu ƙanƙara biyu ne a layin, ta ɗaya tana narkewa a hannu, ta Mis Vella kuwa sai dai aljihu ya narke.

Kowa yana zuwa. Masu kwashe shara, masu dako a tashar jiragen ruwa, matan da suke gyaran gadaje a otal-otal, masu dafa abinci, da mawaƙan gambara waɗanda ba wanda ya san su sai 'yan layinsu. Akwai kuma waɗanda ba sa faɗin sana'arsu, ita ma ba ta tambaya. Daga haƙora ta shiga sarƙoƙi da zobba da sunaye masu rataya a ƙirji. Ita kanta ta ƙara haƙora biyu, suka zama huɗu, ga awarwaro har rabin hannu, in tana goge ƙarfe sai ka ce ana kaɗa ƙararrawa.

Cikin masu zama a shagon akwai Kendrell, ɗan Claudette tilo, mai shekara ashirin da huɗu, ƙato mai yawan dariya. A rijiyoyin mai na tsakiyar teku yake aiki, sati biyu a can, sati biyu a gida. Shi ya fara kawo mata kalmar da ta cika rediyo a waccan shekarar.

"Anti, kin san sunan abin da kike sayarwa yanzu? Bilin-bilin."

"Wace tsiya ce kuma bilin-bilin?"

"Ƙarar da haske yake yi in ya daki lu'ulu'u."

"Haske ne yake ƙara? Allah sarki uwarka, ta yi asarar kuɗin makaranta."

"Na rantse, Anti, har turawa sun fara faɗi."

"Su faɗa. Mu tun kana cikin tsumma muke ƙyalli, ba mu san sai an raɗa masa suna ba. Ɗaga ƙafarka daga kan teburina."

Kendrell ya zo ne da buƙata. Yana son sarƙa mai kauri, da ƙugiya a jikinta irin ta injin ɗaga kaya da yake tuƙawa a teku, a jera mata ƙanƙara daga sama har ƙasa. Sati uku Marvella ta yi a kan ƙugiyar nan. Da ta gama ta san ba ta taɓa yin aiki mai kyanta ba.

Ran Litinin Kendrell ya sa sarƙar ya zo cin wake da shinkafa a gidan uwarsa. Claudette sakatariya ce a makarantar firamare, mace mai kamun kai, ba ta sa komai sai siririn zoben aurenta, shi ma tun rasuwar mijinta ba ta cire shi ba. Ta dubi ƙirjin ɗanta, ta ajiye ludayi.

"Mene ne wannan, kamar an ɗaure kare?"

"Mama, gumina ne."

"Guminka ka kai banki mana. A layin nan wanda ya yi ƙyalli ungulu yake kira." Ta juya ga ƙanwarta. "Ke kuma da girmanki, ke ce mai zuga shi."

"Yaya, yaron nan sati biyu yake yi ba wanda yake ganinsa sai kifi. In ya dawo gari a bar shi a gan shi."

"Gani! Kullum maganarki ke nan, a gan ki. To ai ana gani."

Wata biyar bayan nan, ranar wata Lahadi da rana tsaka, Kendrell yana wanke motarsa a wurin wankin mota, mutum biyu suka tsaya a kansa. Ɗaya ya nuna masa bindiga, ɗaya ya kama sarƙar. Kendrell ya riƙe. Aka ja, ya ja. Sai suka harbe shi a ƙugu, suka fizge ta, suka gudu.

A barandar asibiti Marvella ta tarar da yayarta da kayan coci a jikinta, jini ya bushe a gaban rigar. Ta miƙa hannu za ta rungume ta, awarwaro suka yi ƙara. Claudette ta ja da baya.

"Kada ki taɓa ni da wannan hannun. Ke kika ƙera masa abin da aka kusa kashe shi a kai. Sati uku kina yi, kina alfahari. Fita, Vella."

Marvella ta fita. Ta rufe shago, kwana goma sha ɗaya ba ta hura wuta ba. Ta tuɓe awarwaro ta zuba a kwanon miya. Tana zaune sai ta ga ƙugiyar a idonta, kowane dutse da inda ta dasa shi. Ta yi ta tambayar kanta ko Claudette ce mai gaskiya tun farko, ko shekarun nan duk tarko take ƙerawa tana kiransa ado.

Ranar sha biyu ta lallaɓa asibiti da hantsi, lokacin da ta san Claudette tana makaranta. Kendrell ya rame, an sa masa ƙarfe a ƙugu, likitoci sun ce da ɗingishi zai ƙare rayuwa, aikin teku kuma sai dai labari. Ya dubi hannayenta.

"Anti, wa ya yi miki fashi ke ma?"

"Rufe min baki. Don me ka riƙe, Kendrell? Ƙarfe ne fa. Da ka saki."

"Na sani. Na yi wauta." Ya kalli silin. "Amma kin san abin da ya fi harsashin ciwo? Kowa ya shigo ɗakin nan sai ya ce ai ni na jawo. 'Yan sanda sun faɗa, fasto ya faɗa, Mama ta faɗa. Ba wanda ya zagi ɓarawon. Ni da na yi shekara uku ina shan iskar teku, ni ne mai laifi don na sa abin da na saya."

Ya kamo hannunta.

"Ki yi min wata, Anti."

"Ba zan yi ba."

"To zan je tsakiyar gari su sayar min da mai rami a ciki, wuyana ya yi kore, a ce ɗan 'yar'uwar Mis Vella ne."

"Ɗan banza," ta ce, tana share ido da bayan hannu.

Ba ta yi masa sarƙa ba, ba ta kuma sake yi masa ba har abada. Amma ta je ta buɗe shago. Ranar da aka sallame shi ta kawo masa sandar dogarawa ta baƙin itace, kanta na zinare, da sunansa a zane. Ya riƙa tafiya da ita a layi yana ɗingishi kamar shi ya ƙirƙiro ɗingishi. Claudette ta ga sandar. Ran Lahadi bayan an tashi coci ta tsaya da Dakta Lemoine a bakin ƙofa, suka daɗe.

Bayan wata biyu takarda ta zo daga hukumar da take kula da masu aikin haƙori. An kai ƙarar Marvella cewa tana sa hannu a bakin mutane tana ɗaukar awo ba tare da lasisi ba, ana nemanta a babban birnin jiha ta yi bayani. Wani lauya, ɗan'uwan mai askin da ke maƙwabtaka da ita, ya karanta takardar ya ba ta shawara.

"Mis Vella, ki sa doguwar riga mai duhu. Ki cire duk wannan tarkacen. In an tambaye ki, ki amsa a taƙaice, kada ki buɗe baki da yawa."

"Na taɓa jin wannan shawarar," in ji ta. "Shekara sha shida na bi ta."

Ranar zaman ta sa jar riga. Ta sa awarwaro duka, zobba takwas, 'yan kunne masu taɓa kafaɗa, da sarƙa mai sunanta da manyan baƙaƙe. Ba ta gayyaci kowa ba, amma mai aski ya yi ta yaɗawa, sai ga motoci tara sun bi ta a baya. Masu kwashe shara sun nemi hutun yini, matan otal sun yi musayar aiki. Suka cika kujerun ɗakin, Kendrell a gaba da sandarsa. Can a kujerar ƙarshe, ita kaɗai, Claudette tana zaune da jaka a cinya.

Mutum biyar ne a kan teburin hukumar. Dakta Lemoine, wanda ya zo ba da shaida, ya tashi ya yi magana, kuma ya iya magana. Ya ce ƙwayoyin cuta suna taruwa a ƙarƙashin ƙarfen, dasashi yana ruɓewa. Ya ce yara suna zuwa neman aiki da baki kamar gaban mota, a kore su tun daga ƙofa. Ya ce iyayensu sun sha duka da ɗauri don a daina yi wa baƙar fata kallon abin dariya, yanzu ga jikoki suna mayar da kansu abin dariya da kuɗinsu. Ya nuna Kendrell, ya ce ga sakamakon nan a zaune.

Shugaban zaman ya ce, "Mis Dufrene, kina da abin cewa?"

Ta miƙe, hannayenta suka yi ƙara.

"Yallaɓai, maganar ƙwayoyin cuta gaskiya ce, shi ya sa duk wanda ya saya a wurina sai na koya masa wankewa, wanda na ga dasashinsa yana jini kuma na kore shi ya je wurin likita. Ga su nan, a tambaye su. Wasu ma wurinsa na tura su." Ta juya ga Dakta Lemoine. "Maganar aiki kuma, Dakta, lokacin da haƙoransu suke farare tas, wa ya ɗauke su? Ka taɓa ɗaukar ɗan layinmu ko da mai shara?"

"Ba ni ake tuhuma ba, Mis Dufrene."

"Na sani. Agogon da ke hannunka ma ba a tuhumarsa, ya fi duk abin da ke jikina tsada, sai dai kai hannun riga kake ja ka rufe shi. Kana da gida mai bene, kana da jirgin ruwa, sunanka yana jikin bango da baƙaƙen tagulla. Waccan matar da ke zaune, Lorraine, gado talatin take gyarawa kullum, ba baƙon da ya taɓa ɗaga kai ya dubi fuskarta. Ba ta da bangon da za ta rubuta sunanta. Haƙori ɗaya ta sa, yanzu in ta ce ina kwana sai an dube ta. Shi ne abin kunyar?"

"A tsaya a kan batun lasisi," in ji shugaba.

"To, lasisi. Ba ni da shi. Amma Dakta, shekarar da ka faɗi a jirgin ruwanka ka fasa baki, haƙorin gaban nan da kake zagina da shi yanzu, wa ya yi shi?"

Dakta Lemoine ya rufe baki da sauri, bai ma san ya yi ba. Ɗakin ya ɗauki dariya, zinare ya bayyana a kowace kujera, har ɗaya daga cikin 'yan hukumar ya sunkuyar da kai yana tari. Shugaba ya yi ta buga tebur.

Dariya ba ta canza doka ba. Bayan sun yi shawara suka ce ƙarfe nata ne, ta narka ta zuba yadda take so, amma daga ranar hannunta kada ya sake shiga bakin kowa, in ba haka ba kotu ce za ta raba su.

"Na ji," in ji Marvella. "In mutum ya sa hannunsa a bakinsa da kansa fa?"

Suka dubi juna. Suka buɗe littafi, suka rufe. Shugaba ya ce doka ba ta hana mutum bakinsa ba.

A wurin ajiye motoci ta ci karo da Claudette.

"Kin ji daɗi, kin yi wasan kwaikwayo," in ji yayar.

"Ke kika sayo min tikiti, Yaya."

"Ɗana ya gurgunce, ke kina ba mutane dariya."

"Wanda ya harbe shi yana yawo a gari. Ni kika kai ƙara."

Claudette ta shiga mota ta ja ƙofa. Shekara huɗu ba su yi magana ba. Ran Litinin dai Kendrell yakan zo shago da kwanon wake a rufe, ya ce Mama ta ce ya yi yawa ne, kada a zubar.

Shago kuwa sai ya ƙara cika, domin awon baki ya zama abin kallo. Marvella za ta dama ƙullun awo ta zuba a ɗan faranti, ta miƙa wa mai saye, ta koma ta goya hannu a baya kamar sojan fareti, tana ba da umarni.

"Tura ciki. Ciki na ce, ba hanci ba! Cije. Haba, ƙato kamarka, haka kake cizon kaza? Kada ka yi dariya. Duk wanda ya ba shi dariya shi zai biya ƙullun."

Kendrell, da teku ta gagare shi, ya koyi zubi da dasa duwatsu a wurinta, hannunsa ya faɗa da kyau.

Sai shekarar 2005, babbar guguwa ta zo wa garin da ambaliyar ruwa. Ana gobe guguwa za ta sauka Marvella ta zuba kayan aikinta a bayan mota, ta sa duk zinaren da ta mallaka a jikinta, ta tuƙa zuwa ƙofar Claudette ta danna ham. Claudette ta leƙo ta taga ta ce ba inda za ta, gidan nan ya ga guguwa kafin wannan.

"Yaya, ko ki shigo da ƙafarki, ko in sa ɗanki ya ɗauko ki, ga ƙugu ba lafiya. Zaɓi."

Claudette ta shigo, ta zauna a baya, har birnin Houston ba ta ce komai ba sai "rage gudu". Bayan kwana biyu suka ga unguwarsu a talabijin, ba abin da ya fito daga ruwa sai rufin gidaje.

A wani babban zaure da aka tara masu gudun ruwa, suna layin karɓar barguna da katin abinci, wata mata mai aikin sa kai ta dubi Marvella daga wuya zuwa yatsu, ta ce da murmushi, "Baiwar Allah, kayan nan na mabukata ne. Ke kam da alama ba ki rasa komai ba."

Marvella ta buɗe baki, amma Claudette ta riga ta.

"Gidanta yana ƙarƙashin ruwa, shagonta yana ƙarƙashin ruwa, bankin ma da nake ta yi mata wa'azinsa yana ƙarƙashin ruwa. Abin da kike gani a jikinta da hannunta ta yi shi, shi kaɗai ya rage mata a duniya. So kike ta zo miki tsirara kafin ki yarda? Ba ta bargo, ki ba ni nawa."

Matar ta miƙo barguna biyu. Da suka koma kan gadajensu Marvella ta dubi yayarta.

"Kada ki kalle ni," in ji Claudette. "Har gobe abin banza ne. Amma ni kaɗai ce zan faɗa miki."

Awarwaron nan su suka riƙe su wata goma sha huɗu a Houston. Ɗaya bayan ɗaya Marvella take zarewa ta sayar, su biya haya, su sayi maganin hawan jinin Claudette, har hannun ya koma fayau. Da suka dawo New Orleans, a cikin gidan wucin gadi mai tayoyi da gwamnati ta ajiye musu a ƙofar rusasshen gidan Claudette suka zauna su biyu, a nan kuma ta sake hura wuta. Mutane suna dawowa gari ba kujera ba katifa, amma sai ka ga mutum ya zo yana tambayar ko Mis Vella ta dawo, nasa haƙoran ruwa ya tafi da su. Claudette tana yi musu faɗa daga bakin murhu, tana zuba musu abinci.

Yanzu Marvella ta haura sittin da biyar. Idonta ya rage, Kendrell ne yake yawancin aikin a sabon shago, ita tana zaune kusa da ƙofa tana duba abin da ya gama, tana mayar masa da rabi. Kalmar bilin-bilin ta tsufa, yara suna dariya in sun ji ta a bakin manya, sun sake wasu sunayen, ita ko ɗaya ba ta riƙe ba. Masu saye ma sun canza. Har 'yan jami'a da masu yawon buɗe ido suna shigowa.

Kwanan baya wata matashiyar lauya ta zo da kwat da jaka, ta yi ƙasa da murya ta ce tana son ɗan ƙaramin zinare a haƙorin can ciki, inda ba wanda zai lura a ofis.

"Inda ba wanda zai lura?" in ji Marvella.

"E, Mis Vella. Ni kaɗai in san yana nan."

"'Yar nan, wannan ciko ne, wurin likita za ki. Akwai su da yawa a wancan ɓangaren gari."

Kendrell ya ɗago daga kan teburin aiki. "Anti, ciniki ne fa kike kora."

"Ka yi aikinka." Ta sake duban lauyar, ta kama haɓar kanta ta nuna mata. "Buɗe in gani. Kin ga wannan fiƙar ta hagu? Kyakkyawa ce, ita za a sa wa. Je ki yi tunani, muna nan har ƙarfe shida."

Lauyar ta fita. Ta kai bakin motarta, ta tsaya tana duba haƙoranta a gilashin taga, ta daɗe a haka. Marvella ta ce wa Kendrell ya dama ƙullun awo.